Sarauniya Biyu Da Na Zubar

Shafi na 19

"Maguɗi ne! Na ce maguɗi ne, kuma ko a gaban wa sai in maimaita!"

Jivko ke nan, mijin 'yata Nushka, yana dukan teburin cin abincina har cokula na tsalle.

Na ce, "Surukina, daki teburin nan a hankali, ya girme ka."

"Ka ji ko, Kawu Marin? Ka ji abin da nake fama da shi a gidan nan?"

Bakin Marin cike yake da banitsa, burodin cukun nan namu. Shi ne shugaban kulob ɗinmu na karta da ke bayan kasuwa. Ajinmu ɗaya da shi a firamare, kuma tun a lokacin ba ya yanke hukunci da yunwa.

Ke da kika shigo yau, matso in gaya miki a taƙaice. Jiya Asabar aka yi gasar poka a kulob. Wanda ya ci, shi za a tura babbar gasar birnin Varna, kujera ɗaya tal. Ni Ginka, ko Ginke a bakin Marin, da ajina bakwai da gwiwata mai ciwo, ni na ci. Jivko, malamin poka, mai koyar da yara ta kwamfuta, wanda ya yi shekaru a Jamus ya dawo ya tare a gidana da akwatunansa, shi ya zo na biyu. Shi ne yau Lahadi ya je ya ɗauko mana Marin ana tsakiyar abincin rana.

Marin ya haɗiye, ya goge gashin baki.

"Ginke, kin san ƙa'ida. In ta tabbata an yi miki ishara, kujera ta koma hannun na biyu. Ke kuma ba ki ƙara zama a teburinmu. Ko na Alhamis."

Ko na Alhamis! Tun da mijina ya rasu, zaman Alhamis ɗin nan shi ne fitata, shi ne kwalliyata, can nake jin wa ya saki wa, wa ya sayar da gonar wardin ubansa.

Amma na gyara zama na ce, "To malam, baje kayanka."

"Mu fara da hannun ƙarshe," in ji Jivko. "Ta tura ƙwandalolinta duka tsakiya. Na dube ta a gaban kowa na ce, Mama, kin haɗa kati biyar masu zane iri ɗaya? Ta girgiza kai. Ta ce a'a! Na bi ta da duk abin da nake da shi, sai ga su ta baje min a teburi, biyar cif!"

Na ce, "Yaya na girgiza kan? Gwada mana mu gani."

Ya kaɗa kai, hagu, dama, hagu.

Marin ya ajiye cokali.

"To ai ta ce maka e ke nan."

"Ta ce me?"

"Ɗana, kai ba a garin nan namu Kazanlak aka yanke maka cibiya ba? Mu nan tun kakanni, in mutum ya kaɗa kai gefe da gefe, ya amsa ne. In ya ɗaga shi sama ya sauke, shi ne ya ƙi. Duk wanda ke ɗakin nan jiya ya ga ta ce maka e. Mai kantin magani har rufe ido ya yi da ya ga kana tura ƙwandaloli."

Jivko ya dafe kai.

Na ce, "Marin, ai ba yau aka fara ba. Tun da ya dawo, in na ce in ƙara maka miya, sai ya kaɗa kai gefe da gefe, in ƙara masa, ya hau faɗa wai ina so in fasa masa ciki. In ya gyaɗa, in ɗauke tukunya, ya je ya gaya wa matarsa ina hana shi abinci. Jamusawa sun juya masa wuya."

"Da gangan kika yi!" in ji Jivko.

"In ƙarya na yi, poka ta yarda da ƙarya. In gaskiya na faɗa, Allah ya yarda da gaskiya. Ta ina za ka kama ni?"

Ku kuma kada wadda ta tambaye ni a ƙasa ko da gangan na yi. Ni dai an tambaye ni, na ba da amsa da harshen kan da uwata ta koya min.

Marin na dariya har yana tari. Na ɗauka an gama. Ashe mugun yana da wata a aljihu.

"Ku yi dariyarku," in ji Jivko. "Wannan na bar muku. Mu koma kan sarauniya biyu."

Dariya ta tsaya.

"Kawu Marin, wane suna kuka sa wa matar nan a kulob?"

Marin ya sunkuyar da kai. "Bari-in-gani."

Ba ƙarya suka yi min ba. Ni a rayuwata ban taɓa iya zubar da kati ba. Ba son kuɗi ba ne, son ganin abin da ke hannun mutum ne. Yadda ba na iya wuce ƙofar maƙwabta a buɗe ban leƙa ba, haka ba na iya barin mutum ya kwashe teburi ya mayar da katinsa a rufe. Ko da shara a hannuna sai na bi, in biya, in gani. Rabin fanshona a bakin leƙe ya ƙare.

Jivko ya ci gaba, yanzu a hankali, kamar lauya.

"Mu uku muka rage. Ta ƙara, na tura duka. Sarauniya biyu ke hannunta, ita da kanta ta nuna wa ɗaki. Sarauniya biyu, mutum uku a teburi! Ko ni da nake koyarwa ba zan zubar ba. Amma Bari-in-gani ta zubar. Me ya sa? Saboda as biyu ke hannuna, katin da babu na sama da shi. Ta yaya ta sani?"

Ya juya.

"Wa ke tsaye a bayana a lokacin?"

Nushka ta fito daga kicin ke nan da kwanon gasasshen tattasai. Ta tsaya cak.

"Jivko, me kake nufi?"

"Ke kika san abin da nake nufi."

"Ruwa na kawo maka! Kai ka ce min maƙogwaronka ya bushe!"

"Ruwa kika kawo, ido kika kai."

"Ni? Ni zan ci amanarka a gaban mutane?"

"Uwa ai uwa ce."

Kwanon ya karkace a hannunta, man tattasai ya zubo mata a siket. Ba ta ko duba ba. Yarinyar nan tawa ba ta san bambancin sarki da sarauniya a kati ba in ba don gemu ba. Ita ce ta sayar da zobenta ta biya masa kuɗin jirgi sanda zai dawo, ita ce ta roƙe ni in ba su babban ɗaki in koma ƙarami. Yanzu ga ta tsaye yana zarginta.

Marin ya dube ni. "Ginke, ni ma abin ya tsaya min a rai tun jiya. Ki faɗi yadda kika sani. In ba ki faɗa ba, dole in ɗauki maganarsa."

To ga inda gizo yake. Na san yadda na sani. Amma sirri ne da na daɗe ina kiwo kamar kazar biki. Niyyata in riƙa yagar Jivko da shi duk Alhamis har in mutu, in ma da hali in bar wa Nushka gado. In na faɗa, ya gyara, shi ke nan na rasa.

Na ɗauki tattasai ɗaya ina ɓare masa fata.

Shirun nan ya ba Jivko ƙarfi. Ya miƙe, ya sa hannu a aljihu.

"Ba za ta faɗa ba. Kuma ba ma sai ta faɗa ba, bitte, ina da shaida. Akwai wanda ya ga Nushka ta taɓa kunne sau biyu. Genau! Mutum ne mai mutunci, ya ce in ana so zai zo ya rantse. Bitte, Kawu, in kira shi yanzu?"

Nushka ta fashe da kuka.

Na ajiye tattasan. Sirri dai ya tafi, Allah ya ji ƙansa.

"Kira shi."

"Me?"

"Na ce kira shi. Ga waya can. Marin, burga ce. Ba shi da kowa."

"Ta yaya kika sani?" in ji Marin.

"Ya sa Jamusanci."

Na ɗaga musu yatsa.

"Ku saurara da kyau, don sau ɗaya zan faɗa, kuma zuciyata na ciwo. Surukin nan nawa, in hannunsa wayam ne yana so ya tsorata mutum, sai Jamus ta taso masa. Bitte kaza, genau kaza, kamar mai sayar da injin wanki. Amma in Allah ya ba shi kati na gaske, sai ya manta ya taɓa hawa jirgi. Ya koma yaron layin bayan masana'anta, harshenmu zalla, har da lanƙwasar 'yan unguwarsu. Jiya da ya tura duka, me ya ce min? Ya langaɓar da kai ya ce, Mamata, ki bi mana, ba kya son ki gani? Mamata! Mutumin da ko ranar bikin sunana na shekara-shekara bai ce min Mamata ba. Nan na san akwai kura a ramin."

Marin ya zuba wa Jivko ido.

"Tsaya. Alhamis ɗin da ta wuce. Na haɗa katin tara guda uku, ka tura min tuli ka ce, bitte Kawu, ka yi tunani..."

Na ce, "Ko biyu iri ɗaya ba shi da su."

"Na zubar da tara uku!"

"Allah ya mayar maka da alheri."

"Ɗan banza! Da kuɗin nan zan sayi itacen hunturu!"

Jivko ya yi ja har kunne. "Wannan... wannan ba hujja ba ce."

"To kira shaidan naka," in ji Marin. "Muna jira. Ginke, miƙo masa wayar."

Na miƙa masa da hannu biyu, cikin ladabi.

Bai karɓa ba.

Nushka ta share hawaye da bayan hannu. "Babu kowa, ko? Ƙirƙira ka yi. A kaina."

Ya kau da kai yana kallon labule.

Wayyo daɗi! Na so a ce Donka ta hawa na ƙasa tana nan. Ko da yake na san tana nan, kunnenta na jikin bututun ɗumama ɗaki, don na ji tarinta.

Amma Marin tsohon kwastan ne, ba ya barin jaka rabi a buɗe.

"Ginke, saura abu ɗaya. Na yarda kin san abin da ke hannunsa. Amma Ginkar da na sani, ko mala'ika ya sauko ya gaya mata as biyu ne, sai ta biya don ta tabbatar. Kuma ba hannun nan kaɗai ba. Jiya duk yinin nan kina zaune kamar gunki, ki zubar, ki zubar, sai can ki daka tsalle ki kwashe. Wa ya koya miki?"

Na nuna Jivko da wutsiyar tattasai.

"Ni?" in ji shi. "Ni ban taɓa..."

"Tagar ɗakinka a baranda take. A barandar nake gasa tattasan hunturu. Kai kuma in kana koyarwa, muryarka har tashar bas. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa bana na gasa tattasan da zai ishi bataliya? Na gasa nawa, na gasa na Donka, na je kasuwa na ƙaro. Hayaƙi na shiga min ido, ni ina makaranta."

Na miƙe, na sa hannu a aljihun rigar girkina yadda yake yi, na kumbura murya.

"Yara, ku bambance! Wasan kuɗi daban, gasa daban. A wasan kuɗi in ƙwandala ta ƙare, ka sa hannu a aljihu ka dawo, don haka in kana da rinjaye ko kaɗan ne, shiga. A gasa rai ɗaya gare ka, in ya fita sai gida!"

Marin ya buga cinya. "Shi ne! Wallahi shi ne!"

"Yara, ba kowane hannu ake shiga ba! Wanda zai yi magana a ƙarshe ya ga abin da kowa ya yi, shi ke da teburi. In kai ne farko, riƙe hannunka sai da kati mai nauyi. In ƙwandalolinka sun yi ƙasa, babu tsakura, ko ka tura duka ko ka zubar. In an kusa kai ga kyauta kowa ya ƙanƙame nasa yana tsoro, to lokacin ne za ka matsa musu!"

"Ya isa!" in ji Jivko.

"Bai isa ba, saura darasin da na fi so. Nushka, zauna ki ji wannan."

Na gyara murya.

"Yara, abu mafi tsada a teburi shi ne son sani. Bari in ba ku misali. Akwai wata tsohuwa a gidanmu, kanta kamar kabewa. Ko me ka tura sai ta bi, don kawai ta ga katinka. Irin wannan ba a yi mata burga, jira ake a sami hannu a yanka ta. Da kuɗinta nake sayen taba duk mako. Ku nemi irinta a kowane teburi, kada ku zama ita."

Nushka ta juya a hankali ta dubi mijinta.

"Uwata ce kabewa?"

"Misali ne kawai, Nushe..."

"A gidanta? A ɗakin da ta bar maka?"

Na ce, "Bar shi, 'yata. Ranar na yi kuka, ban ɓoye ba, na ce hayaƙi ne. Amma gaskiya ya faɗa. Daga ranar na fara horar da kaina. Alhamis ta farko da na zubar da kati ban ga na mutum ba, ban yi barci ba, ina ta juyi ina cewa me ke hannun mai kantin magani? Har gidansa na kusa zuwa da safe. Ta biyu ta fi sauƙi. Na ci gaba da yin asara kaɗan-kaɗan a gaban malam don kada ya farga, ina jiran ranar gasa. Jiya da na ture sarauniya biyun nan, Marin, ji na yi kamar na ba da 'ya'yana riƙo. Ban san zai nuna nasa ba. Na haƙura har abada ba zan sani ba. Shi ne haushi ya sa ya watsa su a teburi da kansa, na gani kyauta!"

Marin ya yi dariya har hawaye. Ya jawo kwalbar rakiya, barasar nan tamu ta gida, ya zuba min, ya zuba wa kansa, ya miƙe tsaye da gwiwoyinsa masu ƙara.

"Na ji ƙara, na ji amsa. Babu ishara, babu maguɗi. Kujerar Varna ta Ginka ce. Kuma daga yau duk wanda ya sake ce mata Bari-in-gani a kulob, shi zai sayi kofin kowa."

"Ka bar min sunana," na ce. "A Varna ba su san na canja ba. Ka ma taimaka ka yaɗa shi."

Muka kwankwasa kofuna. Daga ƙasa Donka ta buga bututu sau uku, ta kasa daurewa.

Jivko yana tsaye kamar an dasa shi.

"Darasina na kuɗi ne," ya ce da ƙyar. "Sata kika yi."

"Ka ci tattasan."

"Kai kuma," in ji Marin, "akwai wadda za ka ba haƙuri, kuma ba Ginka ba ce."

Duk muka dubi Nushka. Ta zauna ta harɗe hannu, man tattasai na bushewa a siket ɗinta. Kalma ɗaya take jira. Ni kaina da ya faɗe ta da na zuba masa rakiya, don ba na son ganin gidan 'yata ya tsage saboda kati.

Ya shige ɗaki. Muka ji ana fizge wayoyi daga bango. Ya fito da kwamfuta a hammata, jaka a kafaɗa, rigar sanyi a hannu.

"Nushka, tashi mu tafi."

"Ina?"

"Ko ina. Inda bango ba shi da kunne."

"Ka gama?"

"Na gama me?"

"Abin da za ka ce min."

Ya gyara jakar a kafaɗarsa. Sai ta jawo farantin banitsa gabanta, ta yanki babban yanki.

"Ni Varna za ni," ta ce. "Wani ya riƙe wa Mama jaka. Kuma wannan karon a bayanta zan tsaya."

Jivko ya juyo kaina. Idonsa ya kaɗa, amma muryarsa ta sauka ƙasa.

"Kina ganin kujera ɗaya ce a Varna? Ta kulob ce ɗaya. Sauran sayarwa ake yi. Gobe zan sayar da motata in sayi tawa. Ki yi addu'a kada a haɗa mu teburi, tsohuwa, don ko tari ba za ki ji na yi ba. Ni zan fitar da ke da hannuna, a gaban 'yarki."

Marin ya matso kunnena. "Ginke, wannan ma burga ce?"

Na ajiye kofina.

"A'a. Wannan da gaske yake, ko bitte ɗaya babu."

"Jivko, motar ai da sunana take!" in ji Nushka, ta miƙe da banitsa a hannu.

Ya riga ya zari makullin daga ƙusa, ya fice, ya bugo ƙofa.

GARAM!